Dick Tiger: Zakaran damben da ya rasa makaɗi

Idan kaka ta yi a ƙasar Gwandu da Kalgo, gero ya shiga rumbu, sai a fara jin kalangu da la'asar, fagen dambe ya cika. Bayan an watse, musu ya koma majalisa da teburin mai shayi: wane ne gwanin gwanaye? Dattawan da suka san dambe suna da tambayoyi uku da suke auna mutum da su. Wa ya kashe, wa ya kashe shi, kuma wa ya guje wa karawa da shi?

Matasa masu kallon damben boksin a waya su ma suna da nasu musun a kan wanda ya fi kowa a tarihin Najeriya. Wani ya ce Anthony Joshua, wani ya ce Samuel Peter, wani ma ya jawo Israel Adesanya, duk da cewa wasansa daban ne. Da wuya a ji an ambaci Dick Tiger. Alhali idan aka ɗauki tambayoyin nan uku na dattawa aka gwada kowa da su, shi ne zai fito a gaba.

Sunansa na yanka Richard Ihetu, an haife shi a Amaigbo da ke jihar Imo ta yanzu a 1929. Ya fara dambe a gida, sannan a 1955 ya tafi Liverpool ta Ingila, inda aka doke shi a wasanni huɗu na farko a jere. Wani da tuni ya tattara kayansa ya dawo. Shi kuwa ya zauna, har a 1958 ya kayar da Pat McAteer ya karɓi kambun ƙasashe rainon Ingila na ajin matsakaita nauyi, wato masu kilo 72 da ɗoriya. Shekara guda bayan haka ya koma Amurka, inda manyan ajin suke.

A nan ne lissafin ya fara nauyi. Gene Fullmer, wanda ya taɓa doke Sugar Ray Robinson, shi ke riƙe da kambun duniya, kuma an san shi da ƙarfin tsiya da ture abokin karawa har ya gaji. A watan Oktoban 1962, a San Francisco, Tiger ya tsaya masa ƙirji da ƙirji turmi 15, ya ƙwace kambun. Suka sake haɗuwa a Las Vegas aka tashi canjaras. Karo na uku aka kawo shi gida, filin wasa na Liberty da ke Ibadan, ranar 10 ga Agustan 1963, zamanin gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Bayan turmi na bakwai aka tsayar da wasan saboda dukan da Fullmer ya sha, kuma daga ranar bai sake shiga fage ba. Najeriya ba ta cika shekara uku da samun 'yancin kai ba a lokacin, ga ɗanta ya kare kambun duniya a gaban jama'arsa.

Masu yabonsa sukan tsaya a nan, amma adalci ya sa a faɗi inda ya gaza. Tiger mutum ne mai son a zo masa. Duk wanda ya tsaya musayar naushi da shi ya sha wuya. Rubin Carter, wanda ake wa laƙabi da guguwa, sau uku yana zuwa ƙasa a hannunsa a 1965. Wanda ya iya ƙafa kuwa, ya buga ya ja da baya, yana ba shi ciwon kai. Da haka Joey Giardello ya raba shi da kambun a Disamban 1963. Sai da ya jira kusan shekara biyu kafin a ba shi damar ramawa, ya kuma rama a Oktoban 1965. Sau huɗu suka kara gaba ɗaya, kowa ya ci biyu. Babu wanda zai ce Tiger ya fi Giardello da nisa, kodayake shi ne ya yi nasara a karon ƙarshe.

Emile Griffith shi ne ƙashin da ya tsaya masa a maƙogwaro. Griffith ya taso daga ajin da ke ƙasa, ya fi shi ƙuruciya da sauri, kuma a Afrilun 1966 ya zama mutum na farko da ya taɓa kai Tiger ƙasa. Alƙalai suka ba Griffith nasara, yayin da da yawa daga 'yan jaridar da ke bakin fage suka ga Tiger ne ya ci. Har yau ana wannan gardama. A 1970 suka sake haɗuwa, Tiger ya haura shekara 40, Griffith ya sake yin nasara ba tare da wata tababa ba. Saboda haka duk mai son ya jera Tiger kafaɗa da kafaɗa da Robinson, ko Carlos Monzon, ko Marvin Hagler, waɗanda suka daɗe suna mulkin ajin, to son zuciya ya shiga maganarsa. Matsayinsa yana sahu na biyu, dab da su.

Tambaya ta uku ce ta ɗaga shi: wa ya guje wa? Babu kowa. Da ya rasa kambun yana da shekara 36, maimakon ya yi ritaya sai ya haura aji na gaba, na masu kilo 79, inda kusan kowa ya fi shi tsawo da jiki. A Disamban 1966 ya doke Jose Torres ya zama zakaran duniya a aji na biyu, ya sake doke shi a 1967. Sannan ya yarda ya kara da Bob Foster, dogo mai mugun hannu wanda sauran 'yan dambe ke kauce wa. A Mayun 1968 Foster ya shimfiɗe shi a turmi na huɗu, kuma wannan ne kaɗai lokacin da aka ƙirga masa goma bai tashi ba. Shekara guda bayan wannan kisa ya dawo ya doke Nino Benvenuti, wanda ke riƙe da kambun matsakaita nauyi a lokacin, sai dai ba a sa kambun a wasan ba.

Ya bar fage da nasara 60, rashin nasara 19, canjaras 3. Matashin da ya saba ganin zakarun yau masu tarihi fes zai iya raina wannan adadi. Sai a tuna masa cewa a zamanin Tiger kambun duniya ɗaya ne ko biyu a kowane aji, yau kuwa hukumomi huɗu ke raba nasu, kuma masu shirya wasa suna zaɓar wa ɗan dambensu abokin karawa kamar mai zaɓen tumatir a kasuwa. Samuel Peter ya riƙe kambunsa na wata bakwai a 2008. Joshua gwani ne, amma tutar Birtaniya yake ɗagawa. Hogan Bassey, wanda ya fara kawo wa Najeriya kambun duniya a 1957, shi kaɗai ne zai iya zama kusa da Tiger, kuma shi a aji ɗaya ya tsaya. Mujallar The Ring ta zaɓi Tiger gwarzon shekara sau biyu, a 1962 da 1965.

To me ya sa sunan ya dushe, musamman a Arewa? Amsar tana cikin yaƙin basasa, kuma ɓoye ta ba zai amfani kowa ba. Bayan juyin mulkin Janairun 1966 da ya ci rayukan Sardauna da Tafawa Ɓalewa, da kisan 'yan ƙabilar Ibo da ya biyo baya a garuruwan Arewa, Tiger ya bi ɓangaren Biyafara. Ya karɓi muƙamin laftanar a rundunarta, ya yi amfani da sunansa wajen yaɗa manufarta a Amurka, har a 1969 ya mayar wa Birtaniya lambar girmamawar da ta ba shi, saboda goyon bayan da take ba gwamnatin tarayya. Gidajen da suka rasa 'ya'yansu sojoji a wannan yaƙi, kuma akwai su a ko'ina a Arewa, suna da dalilin jin zafin wannan mataki.

Sai dai ita gwamnatin Yakubu Gowon da ta yi yaƙin ta sanar a 1970 cewa babu wanda ya ci, babu wanda aka ci. Ojukwu da ya jagoranci ɓallewar an yafe masa a 1982, ya dawo ya tsaya takara, aka binne shi da karramawar soja. Ba a ga dalilin da ɗan dambe zai ci gaba da ɗaukar hukuncin da aka sauke wa jagoran ba. Tiger ya riga ya biya: yaƙin ya cinye mafi yawan abin da ya tara, ya ƙare yana aikin gadi a wani gidan adana kayan tarihi a New York, cutar dajin hanta ta kama shi, ya dawo gida ya mutu a Aba ranar 14 ga Disamban 1971, yana da shekara 42.

Mutanen Sakkwato da Kabi sun fi kowa sanin yadda suna ke rayuwa. Yaran da ba su taɓa ganin Shago a fage ba sun san shi, domin Ɗan Anace ya waƙe shi, kaset ya kai muryar gari-gari. Tiger bai sami makaɗi ba, ƙasarsa kuma ta yi shiru a kansa. Amurkawa ne suka sa shi a zauren tunawa da gwanayen boksin na duniya a 1991, shekara 20 bayan mutuwarsa.

Abin da ya rage masa shi ne hotunan wasanninsa, kuma da dama suna YouTube. Mai waya a Kalgo ko Gwandu da ke son shiga wannan musu da hujja, ya fara da karawarsa da Carter, sannan ya kalli ta Griffith ta 1966 tun daga turmi na farko, ya ba da makinsa da kansa kafin ya ji na alƙalai.