Takardar da ke Jikin Ƙofar Direba

Da yammacin Lahadi 22 ga Yuli, 2012, wata a-kori-kura ƙirar Ford F-250 ta saki hanya a kan titi mai lamba 59 a gundumar Goliad ta jihar Texas a Amurka, ta daki manyan bishiyoyi. Mutum 23 ne a cikinta, wasu a gaba, saura a cushe a baya inda ake zuba kaya. Goma sha biyar suka rasu, har da yara. 'Yan ci-rani ne daga Gwatamala da Honduras da Meziko, talakawa masu neman abin sawa a baka. Masu bincike sun karkata ga cewa taya ce ta fara ba da kai.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin hanya ranar kasuwar ƙauye a ƙasar Hausa ya san wannan motar, ko da bai taɓa jin sunan Texas ba. Buhuna a ƙasa, mutane a kan buhuna, wasu sun zuro ƙafafu waje, gindin mota ya kusa shafar kwalta.

Amurkawa ma sai da suka sha wuya kafin su ɗauki maganar taya da nauyi da muhimmanci. A watan Agusta na 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 bayan sun yi ta ɓarewa a kan hanya, galibi a jikin Ford Explorer, an kuma yi asarar rayuka. A shekarar ne majalisar dokokinsu ta zartar da dokar TREAD. Daga cikin abin da ya biyo baya har da wata 'yar takarda da ake liƙawa a jikin ƙofar direba. Tana faɗin iskar da ya kamata a sa wa taya, sannan tana faɗin adadin kilon da mutane da kaya, a haɗe, ba za su wuce ba.

Wannan "a haɗe" ɗin shi ne abin da na fi so mu ɗauka. Mu a nan lodi daban, fasinja daban, kamar mutum ba shi da nauyi. Alhali direba kansa lodi ne, yaron mota lodi ne, haka jarkar mai da ƙarafan da mai walda ya kewaye bodi da su. Yawancin Hilux abin da aka ƙera su su ɗauka bai wuce kimanin tan ɗaya ba. Buhun masara mai kilo 100 guda takwas, da direba da mutum biyu, lissafi ya cika. Nawa ne ke barin kasuwar Dawanau da buhu takwas kacal?

Za a ce ai mota ta ɗauka, ga ta tana tafiya. Gaskiya ne, inji zai ja. Ƙarfin inji shi ke ruɗar mutane. Matsalar tana wajen tsayawa. Birkin da aka auna wa tan uku, idan aka ba shi biyar a gangara, sai ya yi zafi ya daina kamawa. Nauyi idan ya taru a baya, gaba ya ɗaga, sitiyari ya yi sakayau a hannu, direba ya juya mota ta ƙi bin umarni. Kaya kuma in sun yi tsiri sama, kwana kaɗan ya isa ya kifar da ita. Ita kuwa taya a ɓoye take cin wuya: tana lanƙwasa, tana ɗaukar zafi, har zaren cikinta ya saki, musamman a kwaltar watan Afrilu kuma da ƙarancin iska.

Dabarar da aka fi yi ita ce a je gareji a ƙara sifirin. Mota ta miƙe tsaye, mai ita ya ji daɗi. Amma birki na nan yadda yake, tayoyi su ne dai na jiya, wataƙila ma 'yan gwanjo. An ɓoye alamar da ke gargaɗi ne kawai.

Ba na ganin laifin direba shi kaɗai. Mai ya yi tsada, mai mota na jiran balas, ɗan kamasho na son ƙarin kai, fasinja kuma ba shi da wata motar. Waɗanda suka mutu a Goliad ma ba don son ransu suka cushe ba. Shi ya sa tarar jami'an kiyaye haɗurra a kan hanya ba za ta wadatar ba, matuƙar a tasha babu mai ƙirga komai. Ƙungiyar direbobi na iya sa a rubuta iyakar kilon kowace mota da fenti a jikin ƙofarta, yadda mai hawa zai gani. Ita ma taya tana da tata lambar a jikinta: in ka ga 112 bayan girmanta, iyakarta kilo 1,120 ne, shi ma sai in iskarta ta cika.