Zauren Makanikai: Kafin A Zargi Kwamfuta



Kwanan baya aka turo mana wata tsohuwar Toyota Hilux mai injin 22R a nan Amriguébé, an cire mata kafireto an sa injekta. Tana tashi lafiya, amma da ta ɗauki kaya sai ta shaƙe ta mutu. Mai ita kuwa da ita yake ciyar da iyali, har ya fara neman bashin sayen wata kwamfuta.

Muka ce Alhaji dakata, bari mu auna ƙarfin mai. Kafireto bar 0.3 ya ishe shi, injekta kuwa sai wajen bar 3. Muka tarar ƙarfin bai kai ba. Fanfon lantarki lafiyarsa ƙalau, ashe tsatsar tsohon tanki da dattin man kwalba na bakin titi ne suka toshe filta. Aka wanke tanki, aka sa sabuwar filta, mota ta miƙe.

Don haka 'yan'uwa, a fara duba tanki, filta, bututun da ke mayar da mai, da wayar da ke manne da bodi. Kwamfuta ita ce ta ƙarshe.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.