ZANCEN WATA: MUTUM UKU DA SANDA GUDA

Wanda ya taɓa tsayawa kallon 'yan badujala ya ga mutum ɗaya a gabansu, ba ya busa, ba ya kiɗa, sai sanda yake kaɗawa. Yara sukan tambaye mu, shi wannan mene ne aikinsa? To, bana za mu amsa musu da labarin wani ƙauye a ƙasar Ingila.

Sunan ƙauyen Grimethorpe, yana kusa da garin Barnsley. A dā mutanensa masu haƙar kwal ne, irin wanda aka yi ta haƙa a Enugu. A shekarar 1917 ma'aikatan ramin suka kafa ƙungiyar masu busa ƙahonin tagulla, domin su sami abin yi bayan aiki. Irin wannan ƙungiya takan ƙunshi mabusa kamar 25, ban da masu ganga. Ba sarki suke yi wa busa ba, ba kuwa sojoji ba ne. Mutum ya wuni cikin duhun rami, ya fito ya wanke baƙin kwal, ya ɗauki ƙahonsa ya tafi koyo.

Shugabanni da yawa sun riƙe musu sanda, amma uku za mu ambata.

Na fari George Thompson ne, wanda ya bi da su shekaru masu yawa har 1972. Shi ya hore su har suka iya cin gasa. Gasar nan kuwa ba wasa ba ce. Akan ba dukan ƙungiyoyi kiɗa iri ɗaya, alƙalai su shiga wani ɗan ɗaki a rufe, ba su ganin fuskar kowa, kunnensu kaɗai ke shari'a. A hannun Thompson suka ci babbar gasar Manchester a 1967, suka sāke ci a 1969, suka kuma zama zakarun ƙasa duka a 1970.

Na biyu Elgar Howarth, wanda ya karɓa a 1972. Shi gwanin busa ne a manyan ƙungiyoyin Landan, amma a gidan 'yan badujala aka haife shi. Da ya ga dama sai ya zauna yana cin sunan da Thompson ya bari. Bai yi haka ba. Ya je ya roƙi manyan masu tsara kiɗa, irin su Harrison Birtwistle da Hans Werner Henze, su rubuta wa masu haƙar kwal sabon abu. Kiɗan ya zo da wuya, ya kuma zama baƙo ga kunnen da ya saba da na dā. Duk da haka suka koya. A 1974 suka busa a bikin kiɗa na Proms a Landan, inda ba a saba ganin irinsu ba. Howarth ya rasu a 2025.

Na uku Frank Renton, wanda ya daɗe yana shugabancin makaɗan soja. A zamaninsa masifa ta zo. Ran 13 ga Oktoba 1992 gwamnati ta yi shelar za ta rufe ramukan kwal 31, na Grimethorpe yana ciki. Ran Asabar ta wannan mako kuwa aka shirya gasar ƙasa a zauren Royal Albert Hall. Ku duba fa, mutanen da aka gaya wa abincin garinsu ya ƙare, su ne za su hau dandali bayan kwana huɗu. Kiɗan da aka ba su na Philip Wilby ne, sunansa Sabuwar Urushalima. Renton ya ɗaga sanda, suka busa. Alƙalai suka ba su maki 99 cikin 100, suka zo na ɗaya.

Kada mu ruɗe ku, nasarar ba ta ceci ramin ba. An rufe shi a 1993, talauci ya kama ƙauyen ƙwarai. Amma ƙungiyar ba ta watse ba. A 1996 aka yi fim mai suna Brassed Off a kan irin wannan labari, su ne kuwa suka busa kiɗan da ke ciki. Har yau suna nan da sunan ramin da babu shi.

Me ya tsai da su a ranar nan? Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da alƙalai suka ji a 1992, ba a mako ɗaya aka gina shi ba. Horon Thompson yana ciki, ƙarfin halin Howarth yana ciki. Renton ya tarar da mutanen da suka saba zuwa koyo kan lokaci, suka saba jin gyara ba fushi, suka saba sauraron na kusa da su. Kowane shugaba ya karɓi abin da ya tarar, ya ƙara nasa, ya miƙa sanda.

A nan muke jin tsoron kanmu. Sau nawa ƙungiyar mawaƙa ko ta makaɗa a garuruwanmu takan mutu ranar da aka yi wa shugabanta canjin wurin aiki? Sau nawa sabon shugaba yakan fara da rushe abin da na dā ya yi? In kai ne mai sanda yau, wa kake koya wa? In ɗanku ne yake zuwa koyo, ku sallame shi da wuri, ku kuma gai da malaminsa in kun gamu a hanya, gama aikinsa ba ya ƙara, amma da shi ake jin na saura.

Sai wata mai zuwa.