Sharhi: Yadda lissafin man tsofaffin jirage ke shafar kuɗin kujerar aikin Hajji

A duk shekara, kafin Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, ta ƙulla yarjejeniya da kamfanonin jigilar maniyyata, akwai lissafin da ba kasafai ake bayyana wa jama'a ba: yawan man da jirgin shata zai sha tsakanin Najeriya da Saudiyya. Babban kaso na kuɗin tikitin da ke cikin kuɗin kujera daga nan yake fitowa.

Tazarar Kano zuwa Jidda ta kai kimanin kilomita 3,400, tafiyar da ba ta cika awa 5 ba idan aka bi hanya miƙe. Jirgin Boeing 747-400, wanda ya fara aiki a 1989 kuma ya daɗe yana jigilar alhazan Najeriya, yana ƙona kusan tan 10 na mai a awa guda. Ke nan sawu ɗaya na iya lashe tan 50, wato lita 62,000 da 'yan kai. Idan aka raba wa maniyyata 500, kowanne ya tashi da kimanin lita 125.

Sai dai wannan lissafi ne na takarda. Jirgin da ya shekara fiye da 20 yana aiki ba ya shan mai daidai da abin da kamfanin da ya ƙera shi ya rubuta. Injinansa sun ci aiki, jikinsa ya sha gyare-gyare, nauyinsa ya ƙaru. Don haka kamfanoni kan bibiyi kowane jirgi shi kaɗai, su ƙara masa wani kaso a kan alƙaluman littafi, domin jirage biyu 'yan ƙira ɗaya na iya bambanta. Sannan ƙa'idar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta wajabta ɗaukar man ko-ta-kwana, yawanci kashi 5 cikin 100 na man tafiyar, da wanda zai kai jirgin wani filin idan sauka ta gagara, da na shawagin minti 30. Shi kansa wannan ƙarin kaya ne, ɗaukarsa ma mai yake ci.

Abin da ya fi nauyi a harkar shata shi ne dawowa. Jirgin da ya sauke maniyyata a Madina ko Jidda yakan juyo babu fasinja domin kwasar wani sawun. Ya yi sauƙi, amma injina huɗu ba sa daina sha, kuma maniyyacin ne ke biyan wannan mai.

Shekarar 2023 ta nuna raunin lissafin. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu aka rufe sararin samaniyar ƙasar, sai jirage suka koma zagaye, tafiya ta ƙaru da kusan awa 2. Kamfanonin jigila na cikin gida sun jinkirta sa hannu a yarjejeniya, aka kuma yi ta batun ƙarin dala 250 a kan kowane maniyyaci. Ga jirgi irin 747-400, awa 2 na nufin ƙarin tan 20.

Duk da haka ba a rabu da tsofaffin jiragen ba, kuma da dalili. Sayensu ko hayarsu na da araha, aikin Hajji kuwa na 'yan makonni ne, ba zai biya bashin sabon jirgi ba. Wannan riba na tsayawa ne muddin mai bai yi tsada ba. A 2022 ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta Najeriya, AON, ta ce litar Jet A1 ta tashi daga naira 190 zuwa 700, har ta yi barazanar dakatar da zirga-zirga.

A nan ne ya kamata NAHCON ta matsa. Lokacin tantance kamfanoni, ya dace ta nemi bayanan shan man kowane jirgi daga sawun da ya yi a bara, ta kuma rubuta a yarjejeniya tun farko wanda zai ɗauki nauyin ƙarin idan aka rufe hanya ko farashin mai ya tashi bayan maniyyata sun kammala biya.