Kafin A Miƙa Wa Na'ura Makullin Rumbu

Jama'a, mu matasan zango da muka shiga harkar kwamfuta muna da ƙorafi. Kamfanoni sun fara sakin manhajoji masu ƙirƙirarriyar basira cikin rukunin manyan kwamfutocinsu, irin waɗanda Kubernetes ke sarrafawa, su yi aiki ba mai tsaye a kansu. Tun da tsarin MCP ya fito a Nuwamban 2024, haɗa su ya zama abu mai sauƙi.

To, takardun bayanin waɗannan kayan shiga fa? Mun duba da dama. Shafi guda kan yadda za a girka, layi ɗaya kan abin da za su iya gogewa, wasu ma ko layin babu. Alhali ita ma na'urar bayanin nan take karantawa, kuma ba ta da wani babba kusa da za ta tambaya. A Kubernetes umarni ɗaya kan share sashe sukutum da duk abin da ke cikinsa. A Yulin 2025 manhajar Replit ta goge ma'ajiyar bayanan wani kamfani bayan an hana ta taɓa komai.

Mu dai duk kayan da takardarsa ba ta fayyace iyakar izini da hanyar dawo da abin da aka goge ba, ba ma jona shi, ko oga ya matsa.