"Da Sauƙi" Ba Ma'auni Ba Ce: Batun Zogi Bayan Fiɗar Hanji

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya a ƙasar Hausa ya san yadda zancen yake tafiya. A ce wa majinyaci, "Sannu, yaya jiki?" shi kuwa ya amsa da "Da sauƙi," ko da zogi ya hana shi runtsawa kwana uku. Wannan amsa ladabi ce, kuma godiya ce ga Allah, ba mai ganin aibinta a wajen gaisuwa. Amma idan ta bi majinyaci har gadon asibiti, ta zama ita kaɗai likita yake ji daga bakinsa, to, ta tashi daga ladabi ta koma haɗari. Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar wajen masu cutar kumburin hanji da aka yi wa fiɗa. Abin da wannan ɗan rubutu yake son nunawa shi ne, maganin zoginsu ba ya kammala sai da kalmar bakinsu, kuma a nan masana harshe suna da aikin da likita ba zai iya yi shi kaɗai ba.

Cutar da Fiɗarta

Cutar kumburin hanji ba atini ba ce, ba kuwa gudawar da gurɓataccen ruwa yake kawowa ba. Cuta ce mai naci, wadda garkuwar jikin mutum take juyowa ta riƙa yaƙar hanjinsa, ta lafa ta sake tashi, shekara da shekaru. Iri biyu ce. Ta farko ita ce gyambon babban hanji, wadda likita Samuel Wilks ya bayyana a Landan a 1859. Ita tana tsayawa ne a fatar cikin babban hanji da dubura. Ta biyu ita ce cutar Crohn, wadda ta samo sunanta daga Burrill Crohn, wanda shi da abokan aikinsa biyu suka bayyana ta a asibitin Mount Sinai na birnin Niyok a 1932. Ita wannan tana iya kama ko'ina daga baki har dubura, ko da yake ta fi son ƙarshen ƙaramin hanji, kuma tana cin kaurin hanjin gaba ɗaya, har ya tsuke ko ya ɓule. An fi sanin cutar a Turai da Amurka ta Arewa, amma tana ƙaruwa a Asiya da Afirka, inda sau da yawa akan ɗauke ta a matsayin atini ko tarin fuka na hanji.

Idan magani ya gaza, ko hanji ya toshe, ko ya fashe, sai fiɗa. Wani a yanke ɓangaren da ya lalace a haɗa bakin biyu a ɗinke. Wani a cire babban hanjin ɗungum, a fito da bakin ƙaramin ta fatar ciki a manna jakar da bayan gida zai riƙa zuba. Wani kuma a yi masa 'yar jaka a ciki da ƙaramin hanjinsa a haɗa da dubura, dabarar da Alan Parks da John Nicholls suka bayyana a Landan a 1978. Kowanne daga cikin waɗannan babban aiki ne, kuma galibin masu shigarsa sun zo a rame, jini ya yi ƙasa, bayan sun daɗe suna fama da ciwon ciki.

Gaba Kura, Baya Siyaki

Wahalar likita a nan ita ce, manyan magungunan zogi guda biyu kowanne yana da illa ta musamman ga hanji. Na farko su ne dangin mofin, watau mofin da kodin da tiramadol da makamantansu. Ba shakka suna kashe zogi, amma suna sa hanji ya yi kasala. Hanjin da aka taɓa da wuƙa dama yakan yi kwanaki bai motsa ba. Idan aka ƙara masa da waɗannan, sai ciki ya kumbura, amai ya taso, a kasa cin abinci, zaman asibiti ya yi tsawo. Daɗin daɗawa, da yawa daga masu wannan cuta sun riga sun saba shan su kafin fiɗa, saboda haka awon da zai wadatar da wani ba ya wadatar da su. Wani abin mamaki ma, daɗewa a kansu kan ƙara ciwon cikin da ake son kashewa.

Na biyu su ne dangin ibufurofen da diklofenak, waɗanda ake saye a kowane kemis don ciwon baya da na haƙori. Su kuwa ana tsoron su tayar da cutar da ta lafa, su taɓa ƙoda, kuma akwai binciken da ya alaƙanta wasunsu, musamman diklofenak, da yoyon ɗinkin hanji. Saboda haka ba a ba da su sai likitan fiɗa ya auna.

To, ko gara a bar majinyaci ya daure? Wannan shi ne mafi muni. Wanda cikinsa yake zogi ba ya jan dogon numfashi, ba ya tari, sai majina ta taru a huhu ta zama ciwon huhu. Ba ya tashi ya taka, sai jini ya daskare a jijiyar ƙafa, alhali kuwa masu kumburin hanji sun fi sauran mutane haɗarin wannan. Zogi mai tsanani da aka bari a kwanakin farko kan iya zama ciwon da zai bi mutum watanni bayan rauni ya warke.

Hanyar Tsakiya

Tun cikin shekarun 1990 likitan fiɗa Henrik Kehlet na ƙasar Danmak ya nuna wata hanya, wadda manyan asibitoci da yawa suka ɗauka. Gishirinta shi ne kada a ɗora kaya duka a kan magani ɗaya. Ana ba da farasitamol a kan ƙa'ida, ba sai zogi ya taso ba, kada ya wuce giram 4 a yini ga babba, ƙasa da haka kuwa ga ramamme ko mai ciwon hanta. Ana kashe jijiyoyin wurin da allura a gadon baya ko a tsakanin naman bangon ciki. Inda hali ya yi, ana yin aikin ta 'yan ƙananan ƙofofi da na'urar leƙa ciki maimakon doguwar tsaga. Ana tayar da majinyaci ya zauna ya taka da wuri, a fara ba shi abin sha da abinci da wuri. Mofin bai fita daga lissafi ba, amma ya zama na ɗan lokaci, a awo mafi ƙanƙanta da zai yi aiki, tare da shirin ranar da za a janye shi.

Sai dai duk wannan tsari yana tsaye ne a kan abu guda: a san yawan zogin da irinsa, safe da yamma. Zazzaɓi ana auna shi da ma'auni, hawan jini ma haka. Zogi kuwa ba shi da na'ura. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ƙungiyar masana zogi ta duniya, da ta sabunta ma'anar zogi a 2020, ta jaddada cewa a girmama abin da mutum ya faɗa game da zoginsa.

Inda Harshe Ya Shigo

Asibitoci kan ce wa majinyaci ya zaɓi lamba daga 0 zuwa 10. Wannan yana da amfani, amma lamba tana faɗin yawa ne, ba ta faɗin iri. Shi ya sa Ronald Melzack na Jami'ar McGill a Kanada ya fitar da wata takardar tambaya a 1975, wadda ta ginu a kan kalmomi 78 da masu ciwo suke siffanta zoginsu da su. Hausa kuwa ba matalauciya ba ce a wannan fage. Akwai raɗaɗi, irin na sabon rauni. Akwai zogi, mai bugawa kamar na maruru. Akwai murɗa da karta, masu zuwa su tafi. Akwai suka, akwai ƙuna, akwai tsami, akwai kumburi. Kowace kalma labari take bayarwa. Raɗaɗin bakin rauni da yake raguwa kullum abin da aka zata ne. Murɗa tare da kumburi da amai na iya nuna hanji bai motsa ba, ko ya toshe. Amma ciwon da ya sake salo bayan 'yan kwanaki, ya cika ciki, da zazzaɓi da saurin bugun zuciya, yana iya zama alamar ɗinki ya yi yoyo, abin da ke neman rai. Da yawansu kuma suna shan firednisolon, wanda kan ɓoye zazzaɓi da sauran alamu, har ya zama kalmar bakin majinyaci ce ta rage. Idan duk waɗannan suka dunƙule cikin "da sauƙi," an rufe wa likita ido.

Mai musu zai ce dauriya ado ce ga Bahaushe. Gaskiya ne, an tarbiyyantar da yaro kada ya yi kuka a gaban wanzami, an kuma koya wa mace ta cije a naƙudar fari don kunya. Amma addinin da ya yi horo da haƙuri shi ne ya yi horo da neman magani, kuma faɗa wa likita gaskiya ba raki ba ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Wani kuma zai ce idan aka gaskata kowa, masu shaye-shaye za su sami ƙofa. Wannan tsoro yana da tushe. Amurka ta ayyana annobar dangin mofin a matsayin matsalar gaggawa a 2017, Nijeriya kuma ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin a 2018. Amma a tuna, kwamitin mujallar Lancet ya ba da rahoto a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba su samun ko kashi 1 cikin 100 na mofin da ake rabawa. Watau a wasu wurare kwalabe sun cika kasuwa, gadon asibiti kuwa babu. Maganin ɓarna shi ne tsari da sa ido, ba a hukunta wanda aka tsaga wa ciki jiya da laifin wani ba.

Kammalawa

Abu uku ya kamata. Na farko, likita da nas su raba gaisuwa da tambaya: bayan "yaya jiki," sai a ce, "Malam, ina yake maka ciwo? Murɗa ce ko suka? Kana iya tari?" Na biyu, majinyaci da mai jinyarsa su bayyana duk abin da ake sha kafin fiɗa, na asibiti da na kemis da na gargajiya, kada kuma a shigo da ƙwaya daga waje a ɓoye. Na uku ya rataya ne a wuyan sassan Hausa na jami'o'i. Ɗalibin da yake neman batun kundin digiri, ga fili: ya tattara kalmomin zogi daga Kano da Sakkwato da Katsina da Damagaram, ya tantance ma'anarsu da bambancin karin harshe, a haɗa hannu da malaman koyar da likitanci a fitar da takardar tambaya wadda tsohuwa a ƙauye za ta gane. "Da sauƙi" ta zauna a matsayinta na addu'a. Amma idan likita ya tsaya a bakin gado, lalle a ba shi kalmar da za ta nuna masa inda cutar take.