Kwalba a kan tebur, zoɓo a bayan fage

Ranar Asabar na je dinar bikin 'yar wani abokina. Kowane tebur an jera masa kwalba biyu na ruwan inabin nan mai gas da ake shigo da shi daga waje, wanda aka rubuta babu giya a ciki. Aka buɗe, aka yi shewa, aka ɗauki hoto. Da aka tashi sai na ga yawancin kofunan a cike aka bar su. Can ta baya kuwa, wajen kular zoɓon da gwaggon amarya ta haɗo, layi ake yi, tun kafin a yanka kek ya ƙare tas.

Abin ya tsaya mini a rai. Hukuncin kwalbar na bar wa malamai. Ni maganata ɗanɗano ce, da kuma inda kuɗinmu ke tafiya a wannan zamani na tsadar rayuwa.

Turawan da muke kwaikwayo a wannan al'ada, wallahi ba haka suke yi ba. A Faransa mai sayen giyar inabi sai ya tambayi yankin da ta fito, da irin inabin, da shekarar da aka girbe shi. Har doka suka yi: ba a kiran giya Shampen sai an yi ta a yankin da ke da wannan suna. Giyarsu ba ruwanmu da ita, amma kishin abin da ƙasarsu ta noma ai abin koyi ne. Mu kwalbar kawai muka ɗauko.

Ni mayen zoɓo ne, kuma ina gaya muku zoɓo iri-iri ne. Wanda aka jiƙa a ruwan sanyi ya kwana, launinsa garau yake, tsaminsa da sauƙi, ƙamshin furen na fitowa. Wanda aka tafasa ya fi kauri da kaifi, shi ke ɗaukar citta da kanumfari da masoro ba tare da sun danne shi ba. Ɓawon abarba na ba shi wani ƙamshi na daban. Kanwa kuwa 'yar mitsitsiya ake sawa don a rage tsami. Ta yi yawa, sai ya yi baƙi ya koma salam. Abin da ke ɓata mini rai shi ne na ƙulli da ake labta wa sukari da garin kala, ka sha ka rasa ina zoɓon yake.

Wajen saye ma akwai ilimi. Na fi son saye da kaka, lokacin da sabo ya shigo. Ka duba wanda ya yi ja mai duhu, ya bushe ƙamas, babu ƙasa babu warin rima. Ka ɗan tauna ɗaya. In tsamin bai tsinka maka yawu ba, ya tsufa, ka wuce gaba. Amma mu nawa ne ke tambayar mai awo daga ina zoɓonsa ya fito?

Alhali wasu suna tambaya. Zoɓon da manoman Jigawa ke nomawa, a buhu-buhu ake loda shi daga Maigatari da Dawanau, a sa a kwantena zuwa Mekziko, inda ake shan sa a gidajen abinci. Senegal suna alfahari da shi da sunan bisaf, Sudan da Masar karkade, Ghana sobolo. Mu da muke noma shi mun mayar da shi abin sha na talaka, wanda ake ɓoyewa in manyan baƙi sun zo.

Shawarata ga masu shirin biki: kuɗin katan biyu na kwalbar nan, ku ba wa wata baiwar Allah da ta iya haɗi a unguwarku. Ta yi kala biyu ko uku, mai yaji da mai sanyi da wanda aka zaƙaƙa da dabino, a zuba a jug mai kyau a ɗora a teburin manya. Ita ta samu, manomi ya samu, baƙi su sha abin da suke so.

Ku kuma fa, na jiƙo kuka fi so ko na tafashe? Allah Ya sa mu san darajar namu.